Tsufa daban, ciwo daban: binciken da aka shafe shekaru fiye da sittin ana bin mutane

ZAINAB: Assalamu alaikum masu saurarenmu, barkanku da wannan lokaci, Zainab ce, ina tare da Malam Kabiru da Yaya Nura kamar kullum. Yau maganar tsufa za mu yi, amma ta ɓangaren masu bincike, wato waɗannan mutanen da suke ɗaukar jama'a tun suna da ƙuruciyarsu su yi ta binsu ana aune-aune shekara da shekaru har su tsufa har su rasu, kai wani lokacin ma shi mai binciken ne yake riga su mutuwa wani ya gaje shi. Malam sannu da zuwa.

KABIRU: Yauwa Malama Zainab, sannunmu dai. Nura ya gida?

NURA: Lafiya lau Malam, Alhamdulillah. Ni fa tun kafin a yi nisa ina da tambaya. Me ya sa sai an jira shekara hamsin? In kana son sanin abin da tsufa ke yi wa jiki ai sai ka ɗauko ɗan shekara 20 ka ɗauko ɗan 80 ka gwada su yau ɗin nan ka ga bambanci, shikenan an gama a sati ɗaya.

KABIRU: Ai haka aka daɗe ana yi Nura, kuma nan ne aka yi ta samun matsala. Kaga a 1958, dattijon da ke da shekara 80 an haife shi ne a 1878, ya taso babu allurar rigakafi irin ta yanzu, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, wataƙila karatunsa bai yi nisa ba, ya sha wahalar da ɗan shekara 20 ɗin bai taɓa gani ba. Toh in ka gwada su biyun ka ga bambanci, ta yaya za ka ce wannan tsufa ne ba zamanin da kowa ya taso a ciki ba? Sannan a lokacin tsofaffin da ake gwadawa yawanci na asibiti ne da na gidajen kula da tsofaffi, wato marasa lafiya tun asali. Sai aka ɗauki ciwonsu aka ce ai haka tsufa yake.

ZAINAB: Kenan dole mutum ɗaya za ka bi, ka gwada shi da kansa na shekarun baya.

KABIRU: Shi ke nan maganar. Kuma abin da aka fara kenan a birnin Baltimore na Amurka a 1958. Akwai wani masani Nathan Shock, shi ke da ɗakin binciken tsufa a can, sai wani likita da ya yi ritaya, William Peter, ya je masa da niyyar in ya mutu a ɗauki gawarsa a yi bincike da ita. A hirarsu ne magana ta juya, aka ga ai masu rai lafiyayyu aka fi buƙata, waɗanda za su yarda a dinga gwada su har ƙarshen rayuwarsu. Peter ya shiga cikin na farko, ya kuma dinga jawo abokansa da maƙwabtansa. Yau binciken nan ya haura shekara 65 bai tsaya ba, mutum sama da 3,000 sun shiga.

ZAINAB: Ni abin da ya taɓa ni tsarin zuwan nasu. Wanda bai kai 60 ba duk shekara huɗu yake zuwa, daga 60 zuwa 79 duk shekara biyu, in ka kai 80 kuma duk shekara. Kuma ba wai ka leƙa ka fito ba ne, kwana biyu zuwa uku za ka yi a wurin, a ɗebi jini, a auna ƙashi, a sa ka tafiya a kan injin motsa jiki da abin numfashi a fuskarka, a gwada ji da gani, a karanta maka jerin kalmomi a ce ka maimaito su bayan wani lokaci, a ba ka wani ƙarfe ka matse da hannu a ga ƙarfin damƙarka. Mutum ya yi wannan shekara talatin, arba'in, alhali ya san amfanin ba lallai shi zai ci ba. Wallahi ina ganin girman mutanen nan.

NURA: Maza da mata ne?

ZAINAB: Nan ne fa aka yi saɓani Yaya Nura, shekara ashirin na farko maza zalla ne, sai a 1978 aka fara ɗaukar mata. Kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin mata su suka fi tsawon rai kusan ko'ina a duniya, ga sauyin da jikinsu ke yi lokacin ɗaukewar al'ada, duk an bar shi shekara ashirin ba a bi ba.

NURA: Toh me suka gano da ya cancanci duk wannan jira?

KABIRU: Babban abu dai shi ne tsufa ba ciwo ba ne, kuma abubuwa da yawa da muke ɗora wa tsufa ashe ciwo ne da ya ɓuya. Bari in ba ka misalin ƙoda. Kowa ya yarda aikin ƙoda raguwa yake da shekaru, kuma in ka haɗa kowa da kowa ka yi lissafi haka za ka gani. Amma da suka duba mutum ɗaya-ɗaya cikin lafiyayyunsu, a sakamakon da suka fitar a 1985, sai ga kusan kashi ɗaya cikin uku ƙodarsu ba ta ragu ba ko kaɗan tsawon shekarun da aka bi su. Haka zuciya, an daɗe ana cewa zuciyar tsoho ba ta iya tura jini yadda ya kamata, da suka tace suka ware masu toshewar jijiyar zuciya wadda ba ta bayyana ba, sai aka ga zuciyar lafiyayyen tsoho tana aikinta, ta dai sauya salo ne, ba ta bugawa da sauri kamar ta matashi in an motsa jiki. Har hali ma, ana cewa in mutum ya tsufa sai ya zama mai faɗa da ƙunci, masu binciken suka ga bayan shekara 30 halin mutum bai cika sauyawa sosai ba, mai fara'a da fara'arsa yake tsufa.

ZAINAB: Kenan in dattijo mai sanyin hali ya rikiɗe dare ɗaya ya zama mafaɗaci, bai kamata a ce ai tsufa ne a ƙyale shi ba.

KABIRU: Ko kusa. Likita ya kamata ya gani. Wannan kalmar ta "ai tsufa ne" ta hana mutane da yawa magani, ni abin yana damuna ƙwarai.

NURA: Ai hawan jini ma haka aka yi da shi, wannan na sani. A da likitoci da kansu suna cewa lambar sama ta awon jini in ta kai 100 haɗe da shekarunka to ba komai, ɗan 70 yana yawo da 170 a ce lafiya lau, wai jijiyoyin tsoho na buƙatar matsin. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a 1945 yana da shekara 63, jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ranar awonsa 300 bisa 190 ne, shugaban ƙasa fa da likitoci kewaye da shi. Bayan shekara uku, a 1948, aka fara binciken garin Framingham na Amurka da mutum 5,209, duk shekara biyu a duba su, a 1971 aka ɗauki 'ya'yansu, a 2002 aka ɗauki jikoki. Daga nan duniya ta tabbatar hawan jini da taba da kitsen jini da ciwon suga su ke kai mutum ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

KABIRU: Kuma daga baya aka gwada a aikace, a 1991 wani babban gwaji a Amurka ya nuna in aka ba 'yan 60 zuwa sama masu hawan lambar sama magani, shanyewar ɓarin jiki na raguwa da kashi 36 cikin ɗari.

ZAINAB: Toh ni bari in kai mu Niyu Zilan, don wannan shi ya fi tsaya min a rai. A garin Dunedin aka ɗauki jarirai 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, ake binsu tun suna yara. Da suka kai shekara 45, kashi 94 cikin ɗari na waɗanda ke raye sun dawo an duba su, wanda ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa ma jirgi ake biya masa ya zo. Yanzu ku ji, duk sa'o'in juna ne ko, shekararsu ɗaya. Sai aka auna abubuwa 18 a jikinsu, ƙoda, hanta, huhu, dasashi, kitsen jini, garkuwar jiki da sauransu, suna shekara 26, aka sake suna 32, aka sake suna 38. Da aka yi lissafin shekarun jiki suna 38 ɗin, wani jikinsa na ɗan ƙasa da 30 ne, wani kuma jikinsa ya kai na ɗan 60. Akwai waɗanda duk shekara ɗaya jikinsu yake tsufan kusan shekara uku.

NURA: Ɗan shekara 38? Ikon Allah. Ai ko furfura bai gama yi ba.

ZAINAB: Ai shi ne abin. Babu wanda zai kira su tsofaffi, yawancinsu ba su da wani ciwo da aka sa wa suna, amma tafiyar ta riga ta rabu. Har hotunan fuskarsu aka ba ɗalibai da ba su san su ba aka ce su ƙiyasta shekaru, sai ga masu saurin tsufan ciki su ne aka ce sun fi manyanta a fuska. Da suka kai 45 kuma aka auna saurin tafiyarsu, kawai mutum ya taka a kan wata shimfiɗa mai auna taku, masu tafiya a hankali sai aka ga huhunsu da haƙoransu da garkuwar jikinsu sun fi tsufa, hoton ƙwaƙwalwarsu ma ya nuna. Kuma gwajin basira da aka yi musu suna shekara uku a duniya yana da alaƙa da saurin tafiyarsu a 45.

KABIRU: Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Amma ina so a fahimce ni, ba ana nufin an rufe littafin yaro tun yana shekara uku ba ne. Abin da na ɗauka shi ne kula da lafiyar tsoho tun daga yarinta take farawa, abincin yaro, karatunsa, kwanciyar hankalin gidansu, duk suna cikin lissafin. Kuma ɗan shekara 35 da ke ganin maganar tsufa ba tasa ba ce, ai shi ne ma yake da sauran lokacin gyara.

NURA: Malam ni maganar mantuwa ce ke tsorata ni, abin da ake ce wa gigin tsufa. Shi ma za a ce ba tsufa ba ne?

KABIRU: Ciwo ne Nura, shekaru na ƙara haɗarinsa sosai amma ba dole ba ne ga kowane tsoho. Akwai binciken sistocin coci da David Snowdon ya fara a 1986 a Amurka, mata 678 masu shekara 75 zuwa sama, suka yarda a dinga gwada tunaninsu duk shekara, in sun rasu kuma a ciro ƙwaƙwalwarsu a duba. Dalilin zaɓensu shi ne rayuwarsu kusan iri ɗaya ce, gida iri ɗaya, abinci iri ɗaya, ba taba, ba aure, saboda haka abubuwan da ke rikita lissafi sun ragu. A cikinsu akwai wadda ake kira Sista Mary, ta rasu tana da shekara 101, har gab da rasuwarta tana cin gwajin tunani da maki mai kyau, hankalinta garau. Da aka buɗe ƙwaƙwalwarta sai ga ta cike da irin daskarewar nan da ake gani a cutar Alzheimer, wato wani nau'in ciwon mantuwa. Cutar na nan a ƙwaƙwalwa amma ba ta fito a rayuwarta ba.

NURA: Ta yaya haka?

KABIRU: Abu biyu suka fito. Na farko, waɗanda suke da alamun cutar sannan kuma suka samu 'yan ƙananan toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, irin wanda mutum ba ya ma sanin ya faru, su ne mantuwar ta fi bayyana a jikinsu nesa ba kusa ba. Kaga mun sake dawowa kan hawan jini kenan. Na biyu kuma, a ma'ajiyar cocin aka samu takardun tarihin rayuwa da kowace ta rubuta da hannunta lokacin shigarta tana wajen shekara 22. Waɗanda rubutunsu ke cike da tunani, jimla ɗaya ta ɗauko ma'anoni da yawa, su suka fi tsira daga mantuwa bayan kusan shekara sittin. Wadda ta rubuta takardar ba ta san wani zai karanta ta don wannan ba, wanda ya ajiye ta ma bai sani ba.

ZAINAB: Akwai kuma maganar kunne, wannan ina so kowa ya ji. Daga bayanan Baltimore ɗin nan ne Frank Lin ya fitar da sakamako a 2011 kan mutum 639, wanda jinsa ya ragu kaɗan haɗarin mantuwarsa ya kusa ninki biyu, matsakaici ninki uku, mai tsanani kusan ninki biyar. Ni na ga wannan a kakata, Allah Ya jiƙanta. Mace ce mai son hira, sai muka ga ta fara janyewa, ana zaune ana magana ita tana gefe tana murmushi tana gyaɗa kai, in an tambaye ta abu ta ba da amsar wani abu daban, kowa ya ce ai ruɗewa ta fara. Ashe ba ta ji ne. Ranar da aka sa mata na'urar ji, jikanta ya yi magana daga bayanta ta juyo ta amsa masa daidai, ta dawo cikin hira kamar da.

NURA: Allah Ya jiƙanta. Amma Zainab bari in ja kaɗan, don a nan nake da shakku kan irin waɗannan binciken gaba ɗaya. An ga abu biyu suna tafiya tare, wa ya ce ɗaya ne ya jawo ɗaya? Wataƙila ƙwaƙwalwar ce ta fara lalacewa shi ya sa jin ya ragu.

KABIRU: Tambayarka na kan hanya, kuma an taɓa faɗawa wannan ramin. Binciken ma'aikatan jinya mata da aka fara a Amurka a 1976 da mata sama da 120,000 ya nuna masu shan maganin homon, wato sinadarin jikin mace da ke raguwa, bayan ɗaukewar al'ada sun fi ƙarancin ciwon zuciya, likitoci suka yi ta rubuta shi. Da aka zo aka yi gwaji na gaske, aka raba mata ta hanyar ƙuri'a wasu a ba su wasu a ba su na bogi, a 2002 aka dakatar da wani ɓangaren gwajin saboda ba a ga kariyar ba, sai ma ƙarin haɗarin sankarar mama da shanyewar ɓarin jiki. Shi bin mutane yana nuna maka inda za ka tona ne, tabbatarwa sai an yi gwaji. Na kunnen ma an gwada, sakamakon ya fito a 2023, mutum 977 tsawon shekara uku, a jimlace ba a ga bambanci ba, amma a rukunin da suka fi shiga haɗari na'urar jin ta rage saurin raguwar tunani da kusan rabi.

ZAINAB: Kuma ko ba don mantuwa ba, tsoho ya ji maganar jikokinsa ai ya isa dalili.

NURA: Wannan haka yake. Na Harvard fa? Shi ne kullum ake yawo da shi a intanet.

ZAINAB: An fara shi a 1938 da ɗaliban Jami'ar Harvard ta Amurka 268, John Kennedy da ya zama shugaban Amurka ma yana ciki, daga baya aka haɗa da yara maza 456 daga unguwannin talakawa na Boston, 724 kenan. Abin da suka fi faɗa shi ne gamsuwar mutum da zamansa da iyali da abokai yana shekara 50 ta fi awon kitsen jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance a 80. Na yarda da shi a raina, kaɗaici yana cin mutum. Sai dai a tuna duka maza ne, duka fararen fata, yanki ɗaya.

NURA: Toh kinga abin da nake son zuwa kenan. Baltimore, Framingham, Boston, Dunedin, duk ƙasashen masu kuɗi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2050 'yan shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1, kuma kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki za su kasance. Anya abin da aka gano a can zai hau kan kowa?

KABIRU: Wani zai hau, hawan jini hawan jini ne ko'ina, wani kuma sai an duba. Akwai misali mai kyau, tun 1992 aka fara kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fata na Indianapolis a Amurka, da gwaji iri ɗaya, Hugh Hendrie daga can, Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi daga Jami'ar Ibadan. A sakamakon 2001, sabbin masu kamuwa da ciwon mantuwa a Ibadan ba su kai rabin na Indianapolis ba a shekara. Har wata ƙwayar gado da aka sani tana ƙara haɗarin Alzheimer, a Ibadan tasirinta bai kai na can ƙarfi ba. Da ba a yi binciken a wurin ba babu wanda zai san haka. A Afirka ta Kudu ma, yankin Agincourt, tun wajen 2014 ake bin mutum sama da 5,000 masu shekara 40 zuwa sama.

ZAINAB: Amma sun yi kaɗan Malam.

KABIRU: Sun yi kaɗan ƙwarai, kuma wahalar a bayyane take. Irin wannan aiki yana son kuɗin da ba zai yanke ba ko gwamnati ta sauya, yana son firizar da za ta riƙe jinin da aka ɗiba shekara talatin ba tare da wuta ta ɗauke ya lalace ba, yana son takardar haihuwa ta gaskiya don in ba ka san shekarun mutum daidai ba duk lissafin ya rushe, sannan yana son ma'aikatan da za su bi mutum in ya tashi daga gari su nemo shi. Kuma wanda ya fara a yau da 'yan shekara 30, sai bayan shekara hamsin za a ga yadda suka kai 80.

NURA: Shi kansa ba zai gani ba kenan.

KABIRU: Da wuya. Nathan Shock ya rasu a 1989, sakamakon kunnen nan da Zainab ta kawo sai bayan shekara 22 da rasuwarsa ya fito, daga awon da aka yi wa mutanen da ke cikin binciken da ya kafa.

ZAINAB: Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba za mu zauna kan hawan jini shi kaɗai, yadda ake auna shi daidai da abin da lambobin biyu ke nufi, don na ga tambayoyi sun taru a kai. Malam Kabiru, Yaya Nura, na gode. Masu saurare a tura mana saƙo, sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu.